Motar kwana na yoyo bayan ruwan Abha: ta ina ruwan ke shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni mazaunin Jidda ne. Na sayi tsohuwar Hiace mai dogon rufi, na cire kujerun na mai da ita ɗakin kwana saboda fita kashta, wato yawon shaƙatawa da kwana a waje, da iyali. Akwai gado a baya, da ɗan wurin girki, da tankin ruwa, a tsakiyar rufi kuma na sa fanka, ga faifan sola biyu a kan keriya. Da muka hau Abha, garin nan na kan duwatsu a kudancin Saudiyya, aka yi ruwa cikin dare, gari ya waye gefen katifa na hagu sharkaf, katakon bangon wajen ya yi duhu. Na shafe kewayen fankar da silikon har sau biyu, amma da ruwa ya same mu a Ɗa'ifa sai ga jiƙar a wuri ɗaya. Me zan ƙara shafawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Kada ka ƙara shafa komai tukuna. Ajiye bindigar silikon ɗin nan, domin har yanzu ba ka san ta inda ruwan ke shiga ba, kuma duk shafin da ka ƙara, wahalar ganowa da wahalar gyara kake ƙara wa kanka. Babban aikin da ke gabanka bincike ne. Toshewar ba ta wuce aikin yammaci ɗaya.

Abin da ka yi shi kusan kowa ke yi. Mutum ya ga jiƙa a ƙasa, ya ɗaga kai, abin da idonsa ya fara cin karo da shi a rufi shi ne mai laifi. To amma fankarka na tsakiyar rufi, jiƙar kuma na kusurwar baya. Ruwa in ya shiga jikin mota ba ya faɗowa nan take. Ƙarƙashin kwanon rufi akwai haƙarƙarin ƙarfe da suka gitta daga gefe zuwa gefe, cikinsu rami ne, suna haɗuwa da dogon ƙarfen da ya bi gefen rufin, shi kuma yana haɗuwa da ginshiƙan da suka sauka ƙasa. Ɗigo zai shiga ta ramin sukuru a gaba, ya manne a ƙasan kwano, ya bi waya, ya faɗa haƙarƙari, ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya sami inda zai sauka. Inda zai sauka kuwa, tsayuwar motar ce ke zaɓa masa. In hancinta na sama kuma ta ɗan karkata hagu, ruwa ta ko'ina ya shiga, kusurwar baya ta hagu zai nufa. Don haka ka tuna da kyau: a Abha da a Ɗa'ifa, yaya motar ta tsaya? Mai kwana a mota yakan so kansa ya fi ƙafarsa tudu, sai ya riƙa ajiye ta iri ɗaya kullum bai lura ba, jiƙar ta riƙa fitowa wuri guda, shi kuma ya ɗauka ramin na nan kusa.

Akwai masu ce mini, ai ƙasar nan ba ta ruwa ba ce, me zai sa motar da da ƙyar take ganin ruwa a shekara ta yi yoyo? Rana ce ke huda mota a nan, ruwa zuwa kawai yake ya tona asiri. Kwanon motar da ya yini a ranar Yuli a Jidda yakan kai digiri 70, mai duhun fenti ya wuce haka. Ka hau dutsen Suda da ke kusa da Abha, kusan mita 3,000 sama da teku, dare ya yi, ya sauko ƙasa da 20. Ƙarfe na miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, filastik ɗin bakin fanka ma haka, sai dai ba tafiyarsu ɗaya ba: miƙewar filastik ta ninka ta ƙarfe sau biyar ko fiye. A bakin fanka mai faɗin santimita 40, bambancin digiri 50 na sa filastik ya zarce ƙarfen da ke ƙarƙashinsa da milimita guda ko fiye. Kullum haka, ana ja ana saki, hasken rana kuma na ƙona saman gam ɗin, har ya yi tsagar da ido ba ya gani sai an danna. Ƙura ta shiga tsagar ta zauna, ƙura kuwa in ta jiƙe jan ruwa take kamar lagwani. Sannan ruwanmu in ya tashi zuwa ba ya zuwa da wasa. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita guda ce a kowace murabba'in mita. Rufin doguwar Hiace ya kusa murabba'in mita takwas, ke nan ruwan milimita 20, wanda a Asir, yankin da Abha take, ba abin labari ba ne, lita 160 ce ke bi ta kanta. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin awa shida. A rufi irin naka ya haura lita 1,400.

Kafin ka hau rufi, ka tabbatar ruwan sama ne ma. A Abha musamman ina zargin gumin mota. Dare ga sanyi ga hazo, an rufe tagogi, mutum huɗu ko biyar na barci, kowane babba na fitar da kusan sulusin lita na tururi kafin asuba. In an dafa shayi a ciki, kowane kilo na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi cikin iska. Tururin ya ratsa bayan katako ya tarar da kwano mai sanyi, ya zama raɓa, ya gangara ta hanyar da ruwan sama zai bi. Daren ruwa kuma shi ne daren da aka fi toshe tagogi, shi ya sa ake rikita su. Raɓa shimfiɗe take, za ka ga ƙananan ɗigo ko'ina a kan ƙarfen da ba a rufe ba, har kan kusoshi, ruwanta garau. Yoyo layi yake bi, yana ɗauke da laka. In an taɓa yin ruwa motar na ajiye ba kowa a ciki kuma ta jiƙe, to ka wanke gumi daga zargi.

In kuma Hiace ɗinka irin ta fasinja ce mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, na baya a silin, yana da ƙananan tiyo da ke sauke ruwansa ta cikin ginshiƙi zuwa ƙasa. Ƙura na toshe su, wajen aikin katako kuma akan lanƙwasa ɗaya ko a zare shi a manta. Kunna shi rabin awa a rana mai danshi ka leƙa ƙarƙashin motar. In ba ya ɗiga ƙasa, yana ɗiga wani wuri. Tanki kuwa cika shi, busar da kewayensa, shimfiɗa jarida, ka bar famfon, wato injin da ke tura ruwan, a kunne. Famfon da ke tashi shi kaɗai jefi-jefi ba a buɗe ruwa ba, akwai inda ke zuba. Ka duba murfinsa da bututun shan iskarsa ma, domin hawan Aƙabar Sha'ar ko ta Hada, hanyoyin dutse masu hawa Abha da Ɗa'ifa, da cikakken tanki na iya amayar da ruwa ta sama, sai an kwanta a ji katifa da sanyi.

Ka ce cikin dare aka yi ruwan kuna tsaye, wannan na nuna sama. Amma tunda kujeru ka cire, kwanta ƙarƙashin motar da rana ka ƙirga ramukan kusoshinsu. Duk wanda ba a toshe da kusa da wosha da gam ba, ranar da ka ratsa titin Jidda da ya cika da ruwa, ta nan zai shigo ya kwanta ƙarƙashin katakon daɓe, ba ka sani ba sai wari ya tashi.

Yanzu sai abin da mutane ba sa son ji: sai ka buɗe ciki. Na san katakon nan kai ka yanka, ka goge, ka shafa masa mai, amma ba a neman yoyo ta bayan bango. Fitar da katifa, kwance katakon bangon hagu daga taga zuwa ƙofar baya, da allon silin na ƙarshe, ka zare abin hana zafi har ka ga fentin ƙarfe tsirara daga rufi zuwa daɓe. Kafin ka taɓa komai kashe wuta. Rufe faifan sola da bargo ko kwali, domin muddin haske na dukansu suna ba da wuta, sannan ka raba wayarsu da na'urar caji, daga baya ka cire batir. Kada ka juya wannan jerin, na'urorin caji da yawa ba sa son a bar su da sola ba batir.

Da ka buɗe, kada ka goge komai. Ɗauki tocila ka haska ƙarfen a karkace. Ƙurarmu na yi mana aikin da a wasu ƙasashe sai an sayi sinadari mai launi. Cikin bangon kowace mota a nan akwai siririyar ƙura kwance, duk inda ruwa ya bi ya bar sawu: layi wankakke a tsakiya, gefe da gefe busasshiyar laka. Bi sawun sama, kullum sama, har inda ya ɓace. In ya ɓace cikin haƙarƙari, leƙa ta ramukansa da ɗan madubi ko kyamarar waya. Sabuwar tsatsa mai launin lemo a wutsiyar sukuru ita ma shaida ce, haka nan ƙura da ta taru da kauri a wuri ɗaya, domin ramin da ya shigar da ruwa a Agusta ya yi wata da watanni yana shigar da ƙura. Ɗauki hotuna. Sai bayan nan ka goge, ka busar, ka barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a kan ƙarfen, ka cusa tishu a bakin kowane rami, ka manna wasu da salatif a tsayi daban-daban. Tishun da ya fara jiƙewa, kuma ya fi kowanne tsayi, shi ke kusa da gaskiya.

Rufi kuma hau shi da sassafe, kafin kwano ya yi zafin da zai sale maka gwiwa. Kada ka taka tsakiyarsa. Shimfiɗa falanki a kan bargo ko ka tsaya kan tsani. Kwanon da aka taka ya lotsa, nan ruwa zai riƙa kwanciya, gam ɗin da ke jure ruwa mai wucewa kuwa ba lalle ya jure mai kwana ba. Wanke rufin ka nemo duk ramin da aka taɓa hudawa, naka da na waɗanda suka riga ka. Tsohuwar Hiace a ƙasar nan ta yi jigilar ma'aikata ko 'yan makaranta ko alhazai, wata an taɓa sa mata eriya ko fitila ko allon kamfani, aka cire, samkari, wato mai gyaran jikin mota, ya cike ramin da ma'ajun, kwaɓin nan na ciko, ya fesa fenti. Irin wannan cikon na tsagewa a zagaye, za ka ga ɗan da'ira a fenti. Danna kowane gam da farce: mai rai yana lotsawa ya dawo, matacce ya yi tauri, ko yana gari, ko gefensa ya ɗago. Duba murfin fankar kansa ma, filastik da rana ta gasa ƙanƙarar Asir na fasa shi.

Gwajin tiyo shi ne alƙali, amma yawancin masu yin sa ɓarnar ruwa kawai suke. Mutum ya tsaya ya feshe motar gaba ɗaya daga sama, na ciki ya yi ihu ga shi nan, a tambaye su ta ina, ba mai amsa. Wasu kuma su kai ta magsala, wurin wankin mota, a sa mata injin matsi, wanda ke tura ruwa ta robar da lafiyarta lau, ya kuma ɓamɓare gam mai kyau, a dawo gida da yoyo biyu. Ga yadda ake yi. Mutum biyu ne: kai a ciki da tocila, ƙanenka ko babban yaronka a waje da tiyo marar kai, ruwa na kwarara a hankali, ba a danne bakinsa da yatsa ba. Ajiye motar yadda ta tsaya a Abha, ko da za ka sa katako ƙarƙashin tayoyin dama da na gaba. Ku yi bayan sallar asuba ko la'asar sakaliya, domin kwano mai zafi na shanye ruwa kafin ya kai ko'ina, zafi kuma na iya matse tsagar da sanyin dare ke buɗewa.

Daga ƙasa ake farawa. Ruwan da aka zuba a sama yana wanke duk abin da ke ƙasa da shi, sai ka rasa wanda ya sha. Fitilar baya ta hagu da farko. Ba komai? A matsa ƙasan taga, sai gefenta, sai samanta. Sai gefen ƙofar baya, sai samanta. Sai indararon rufi, daga baya ana yin gaba, taku biyu-biyu, tunda baya ne gangare. Sai ƙafafun keriya ɗaya bayan ɗaya, sai mashigar wayar sola, fanka ta zo a nata layin. Duk abin da layi bai zo kansa ba a rufe shi da leda da salatif. Minti goma a kowane wuri, agogo a hannu, ba minti goman fatar baki ba. Na waje zai gaji ya fara yawo da tiyo, sai ka tsare shi. Ruwan da ya jiƙa katifarka awa da awanni ya yi yana sauka, sai da ya cika rami ya tumbatsa kafin ya fito, don haka kada ka sa ran gani a minti biyu. Bayan kowane wuri ku dakata minti biyar kafin ku matsa, in ba haka ba ɗigon wurin da kuka baro zai fito kuna kan na gaba, a ɗora wa marar laifi.

Da ɗigo ya bayyana, a tsayar da ruwa. Busar, jira, maimaita wurin nan shi kaɗai. In ya sake fitowa, busar da wajen ka rufe abin da kake zargi da salatif mai ƙarfi, ka sake zuba. In ya ɗauke, ka kama shi; ɓare salatif ɗin ka zuba, in ya dawo, magana ta ƙare. Wannan matakin shi ake tsallakewa saboda ɗoki, kuma shi kaɗai ne ke raba zato da sani. Kama ɗaya kuma bai sa an tashi aiki ba. Bar salatif a kansa ku ci gaba har ku ƙure rufin, domin a tsohuwar mota sau da yawa ramuka biyu ne ke zuba cikin ginshiƙi guda.

Akwai yoyon da tiyo ba ya kamawa, wanda sai ruwa ya zo da iska. Shi ana juya masa lissafi ne, a sa iskar ciki ta nemi hanyar fita. Sauke gilashin ƙofar gaba, yanka kwali ya cike tagar, huda shi ka cusa bakin abin hura iska irin na share ƙura, ka manne da salatif. Rufe fankar rufi ta ciki da leda, juya mukayyif ya koma zagayen iskar ciki, toshe mafitar iska ta kamfani da ke ɓoye a bayan jikin motar. Kunna. Na waje ya bi duk haɗi da kusa yana fesa ruwan sabulun wanke-wanke. Inda ke da rami zai yi kumfa, har wanda bai kai kaurin allura ba. Kewayen ƙofofi zai ɗan yi kumfa ko a sabuwar mota, wannan kada ya ɗauke maka hankali, kumfar rufi muke nema. Bayan an gama a ɗauraye sabulun tas, gam ba ya kama inda sabulu ya bushe.

In zatona kake so, a Hiace mai jiƙa a kusurwar baya ba fanka nake fara tuhuma ba. Indararon da ya bi gefen rufi nake fara dubawa. Nan ne kwanon sama ya haɗu da na gefe, kamfani ya cike haɗin da gam ya yi fenti a kai. Shekaru a ranar nan, gam ɗin ya tsage, musamman a kusurwoyin baya inda ƙarfe uku suka haɗu. Ka zo ka ɗaure ƙafafun keriya a kansa, ka ɗora sola, iska na girgiza su tun daga Jidda har Muhayil da ke hanyar Abha. Ƙafar kuma ta tare hanyar ruwa, ƙura ta taru a bayanta ta zama laka, indararo ya cika ya tsaya cak a kan tsagar. Bayansa sai robar da wayoyi ke bi daga rufi zuwa ƙofar baya mai ɗagawa, wadda ke tsagewa a lanƙwasa ko bakinta ya fita daga raminsa, da kusoshin hinjin ƙofar, da soson bayan fitilar birki ta sama. Robar ƙofar kanta gwada ta da takarda: rufe ƙofa a kanta ka ja, inda ta zare ba gardama robar ta kwanta. Mashigar wayar sola ita ma ba ta da gaskiya sosai. Na sha ganin an cusa waya biyu a rami ɗaya, tsakaninsu kuwa dole a bar kafa, ko a bar waya ta gangaro kai tsaye daga faifan zuwa ramin tana kawo masa ruwa. Kowace waya da nata rami, bakin mashigar ya kalli baya, wayar kuma ta ɗan sauka ƙasa kafin ta hau ta shiga.

Ko da fankar ba ta da laifi a da, yanzu sai ka yi aikinta, saboda silikon. Irin na bayi da kicin, mai warin ruwan khal, asid yake fitarwa yayin bushewa, yana cin ƙarfen da ba fenti. Riƙonsa ga filastik da fentin mota ba ƙarfi, sai gefensa ya ɗago ya zama aljihun ruwa. Mafi muni, ba abin da ke kamawa a inda ya taɓa zama, ba fenti ba, ba gam mai kyau ba, ko sabon silikon ba ya riƙe tsoho da kyau. Shafinka na biyu a kan na farko ya zauna ne kawai. Kankare shi da filastik, kada ka sa wuƙa ka yanke fenti, bi da maganin cire silikon, ka goge har yatsa ya daina santsi. Sannan kwance fankar ka ɗaga ta gaba ɗaya. Ainihin toshiya ƙarƙashin baki take, abin da ake shafawa a sama rufin asiri ne. Duba bakin ƙarfen da ka yanka: in ba ka yi masa fenti ba lokacin yankan, ya fara tsatsa, sai ka goge ka shafa fentin farko. Rufin Hiace ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tudu da kwari, bakin fanka kuwa miƙaƙƙe ne, don haka kwarin sai an cike shi da yankan filastik ko ƙarin butil har ya daidaita. Shimfiɗa zaren butil, wato baƙin gam ɗin nan ko toka-toka mai zuwa a naɗe wanda ba ya bushewa, a zagaye ba yankewa, ya rufe ramukan sukuru. Ɗaure da hannu, kusurwa da kishiyarta, har butil ya ɗan leƙo. Kada ka sa dirili, yana fasa filastik ya matse gam ɗin waje. Washegari ka ƙara ɗan ɗaurewa, sannan ka rufe kan kusoshi da gefen bakin da gam na jikin mota mai jure rana, irin Sikaflex 521 UV ko makamancinsa. In Sikaflex 221 ka samu, yi masa fenti bayan ya bushe. Kada ka manne fanka da gam mai ƙarfin riƙo irin na gilashin gaba. Wata rana za ka so canza ta.

Irin waɗannan gam ɗin ba a shafa su a kan abin da ya wuce digiri 40, ke nan a Jidda aikin inuwa ne ko na dare. Danshin iska ke busar da su, kamar milimita uku a yini, don haka ba su kwana biyu kafin ka sake zuba ruwa. In ka goge wurin da sifirit, bari ya tashi sarai tukuna, yana hana wasunsu bushewa. Duba kwanan wata a jikin bututun kafin ka biya, wanda ya daɗe a shago mai zafi ya fara daskarewa tun a ciki.

In indararo ne, kankare tsohon gam har ƙarfe, kashe tsatsa, fentin farko, sabon gam, fenti. In tsatsa ta riga ta huda, aikin samkari ne da walda, kuma ka tsaya a kansa a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, har a cire duk katako da soso da ke bayan wurin kafin a kunna wuta.

Kada ka yi gaggawar mai da bango. Fumfuna na fara tsiro cikin kwana ɗaya zuwa biyu a kan abu mai laima, danshin Jidda kuma abokinta ne, yara kuma a nan za su kwana. Katifa a cire mata riga a shanya. Abin hana zafi in irin audugar gilas ne ya jiƙe, zubar da shi, ka sa soso marar shan ruwa. Katakon da ya kumbura ko ɓawonsa ya rabu ya tashi aiki. Wanda duhu kawai ya yi, a busar, a goge, a shafa masa fenti ta baya da gefuna. Ɗaga katakon daɓe a wannan kusurwar ka ga abin da ke ƙarƙashi. A ƙasan bangon mota da ƙasan ƙofofi akwai ƙananan ramuka da kamfani ya bari don ruwa ya fita. Soka musu waya su buɗe, kada ka toshe su da sunan maganin ƙura. Maimaita gwajin tiyo bango na buɗe, in hoda ta tsaya a bushe sai ka rufe, kuma allon kusurwar nan a sa shi da sukuru kawai, ba gam, don a riƙa leƙawa. Rufin kuma a hau shi a Oktoba kafin ruwan Jidda, da kuma kafin hawan kudu lokacin hutu. In tafiya ta matsa kafin ka samu sukunin wannan duka, shagunan kayan gini na sayar da butil mai bayan alminiyam na toshe rufin gida. Manna shi a kan busasshen wuri mai tsabta, zai kai ka ya dawo da kai.

In kun bi bayan motar da rufinta kaf ba ku ga komai ba, ku koma gaba. Da wuya ka sami tsohuwar Hiace a nan da ba a taɓa canza mata gilashin gaba ba, saboda tsakuwa da yashin hanya, kuma ba kowane mai sa gilas ke kankare tsohon gam ya shafa fentin farko a inda wuƙarsa ta karce ba. Tsatsa ta ci ƙarƙashin gam ɗin a saman gilashin, ruwa ya shiga dogon ƙarfen gefen rufi, motar na tsaye hanci sama, ya bi ta ciki tun daga kan direba har kusurwar gadonka bai ɗiga ko sau ɗaya a hanya ba. Zuba ruwa a saman gilashin minti goma sha biyar kana kallon baya. In shi ne, shafe-shafe ta waje ba ya yi masa magani: a cire gilashin, a gyara ƙarfen, a sake ɗora shi da sabon gam.